Ku Ba Kogi Hanya

Duk wanda ya taɓa tashi da sassafe a layinmu na bayan haikali, nan garin Tirthahalli, ya san Sharadamma ko bai san sunanta ba. Wata 'yar busasshiyar tsohuwa ce da ke hawowa daga kogin Tunga da tulun tagulla a ƙugu, jiƙaƙƙen sari manne a jikinta, ruwa na ɗiga a bayanta tun daga matakalar kogi har ƙofar gida. Ƙatuwar matar da ke biye da ita tana haki tana mita, ni ce. Sunana Rukmini, ita tana ce mini Rukku, ni ina ce mata Yaya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, kuma tun muna amare muke sauka kogin nan tare.

Wanka dai kowa na yi. Barci ƙazanta ne, shimfiɗar da aka kwana a kai ma haka, kuma ba a tsayawa gaban Ubangiji da jikin jiya. Amma na Yaya Sharada ba irin namu ba ne. Ni in na nutsa na fito, na ɗebi ruwa a tafin hannu na gai da rana, shi ke nan sai hira. Ita kuwa da zarar kanta ya fito daga ruwa ta shiga madi ke nan, tsarkin da ba a taɓa mai shi. Ko gefen zanen wani ba ta yarda ya goge ta, har sai ta isa gida ta kunna fitilar ɗakin bauta, ta dafa shinkafa da ruwan da ta ɗebo, ta ajiye wa Ubangiji nasa a gabansa. Kafin nan ba mai kai dafaffen abu baki a gidan. In aka yi rashin sa'a wani ya taɓa ta a hanya, ba faɗa ba zagi, sai ta juye ruwan tulun a gindin bishiya, ta juya ta koma kogi.

Kare ya taɓa mayar da ita da jelarsa. Mai madara ya taɓa mayar da ita da kekensa, ya bi ta yana ba da haƙuri, ita kuma tana kauce masa don kada ya ƙara. Har saniyar haikali sai da ta koyi ratse mata. Yaran layi in suna wasa suka hango ta, sai su dare gida biyu ba tare da kowa ya ce musu uffan ba.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Daga wani ƙauyen kan tudu da ake noman ƙwallon da muke taunawa da ganye aka kawo ta, yarinya mai dariya, wadda ko iyo ba ta iya ba. Uwar mijinta ce ta koya mata, da harara da gyaran murya. Tsohuwar ta daɗe da mutuwa ta koma toka, amma abin da ta dasa ya kama, har ya fi nata ƙarfi. Da na taɓa tambayarta ko ba ta gajiya, cewa ta yi tafiyar nan daga kogi zuwa ƙofa ita ce kaɗai lokacin da ba ta zama matar kowa ko uwar kowa ba, daga ita sai Wanda za ta dafa wa.

Mijinta Sheshagiri kuwa wani irin mutum ne daban. Shagon niƙa gahawa yake da shi kusa da tashar mota, ga tumbi, ga murya, ga ƙanshin gahawa da ya kama shi har cikin gashin kunne. Shi wankansa a gida yake yi, da ruwan ɗumi, bayan rana ta fito, abin da Yaya ke kira wankan marasa lafiya. Kullum da safe yana zaune a dakalin ƙofar gida da jaridarsa. Da ya hango ta ta shawo kwana, sai ya miƙe da sauri kamar ya ga gwamna, ya ɓoye hannuwansa biyu a baya, ya manna bayansa da bango, ya janye tumbin iya yadda zai janyu, ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji:

"Jama'a, ku ba kogi hanya, ga shi ya shigo gari!"

Ita kuma ta wuce ta gabansa fuska a murtuke, ko kallo bai ishe ta ba. Amma ni da ke bayanta ina ganin kafaɗarta na rawa don dariyar da take dannewa. In mun haɗu da rana a kan katanga sai ta ce, "Kin dai ji mutanen gidanmu ko? Tsofai-tsofai da su." Ba ta kama sunansa, kamar yadda ni ma ban taɓa kama na nawa ba. Haka suka yi shekara wajen hamsin, ban taɓa ganin ya yi fashin wannan kirari ba, ban kuma taɓa ganin ko yatsarsa ta goge ta ba.

Ciwon nasa a hankali ya shigo. Da fari sai ya niƙa gahawa ya rasa mai ita. Daga nan ya fita zuwa shago aka tsinto shi a bakin gada yana tambayar hanya. Likita a Shivamogga ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya da magani sai lallashi. Aka rufe shago. Ya manta ni, ya manta ɗansu ɗaya tilo Narahari da ke aiki a Bengaluru, ya manta jarida, ya manta kirarin safe. Daga ƙarshe har sunan matarsa ya fita daga bakinsa. Abu ɗaya ya rage masa: bai san ko wace ce ba, amma ba ya iya zama in ba ya ganinta.

To a nan matsalar ta taso. Yakan farka ya laluba ya ji ba ta nan, sai ya fito ƙofar gida da zanen barcinsa, ya tsaya yana miƙa hannuwa, yana wani ɗan kuka a maƙogwaro. Da ta iso sai ya cafke wuyan hannunta da hannu biyu, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa aka gano shi. Ranar farko da ya yi haka ina tsaye. Ta dubi hannun nasa ta daɗe, sannan ta ja shi a hankali ta zaunar da shi, ta lallashe shi har ya saki, ta juye ruwan a gindin tulasi, tsiron nan mai tsarki na tsakar gida, ta koma kogi. Da ta dawo yana ƙofa, ya sake cafkewa. Ta sake komawa.

Wata rana sai rana ta take tsaka kafin ta samu ta shige yana gyangyaɗi. Shi yana jin yunwa yana kuka, ayaba da madarar da ta ajiye masa ba su riƙe shi ba, ita kuma leɓɓanta sun yi fari don sanyi, yatsunta sun yamushe. Fitilar ɗakin bauta da ta saba kamawa kafin hankaki ya yi kuka ta koma kamawa lokacin da yara ke dawowa daga makaranta.

Babu dabarar da ba mu gwada ba. Ta zagaya ta ƙofar baya, ya ji ƙarar tulu ya riga ta can. Ni na zauna da shi, ya ce ɓarauniya ce ni, ya jefe ni da kofin tagulla, ga tabon nan a goshina. Ta gwada yi masa wanka kafin ta fita don su zama ɗaya, ashe yanzu tsoron ruwa yake ji, kuma ko an samu an wanke shi sai ya koma kan shimfiɗa ya kwanta, aiki ya koma baya. Sau ɗaya ta kulle shi a ɗaki. Muka dawo muka tarar ya bugi ƙofa har bayan hannunsa ya fashe. Ta zauna a ƙasa tana ɗaure masa tana hawaye, ta ce ko za ta kwana a kogi ba za ta ƙara ba.

Na je na ɗauko mata malamin haikali da kaina. Ya zauna ya yi mata bayani da kyau, ya ce mai jinya tana da sauƙi, in an taɓa ta ya isa ta yayyafa ruwa a ka ta ambaci sunayen koguna masu tsarki, ba sai ta koma ba. Ta saurare shi da ladabi, ta ba shi ganyen tauna, ta raka shi ƙofa. Da ya tafi sai ta ce mini yaron kirki ne, tana nan ranar da aka yi masa askin farko. Daga jin haka na san magana ta mutu.

Ni kam haƙurina ba ya da tsawo. Wata safiya muna hawowa karo na ban san nawa ba, gwiwoyina na ƙara, na tsaya na ce mata, "Yaya, Ubangijin nan da kike dafa wa makaho ne? Bai ga halin da kike ciki ba?"

Ta ce, "Yana gani. Shi ya sa nake kunyar in rage masa."

Na ce kunyar banza ke nan, taurin kai ne kawai irin na uwar mijinta. Ba ta ji haushi ba. Ta gyara tulun a ƙugunta ta ce, "Rukku, shago ya tafi. Hira ta tafi. Sunana ma ya tafi daga bakinsu. Wankan nan kaɗai ya rage mini da yadda yake jiya haka yake yau. In na sake shi, me zan riƙe?"

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma bai sake ni ba.

Sai damina ta sauka. Wanda ya san daminarmu ya san ba wasa take yi ba, ruwa ba dare ba rana, Tunga ta cika ta yi ja, ta haɗiye rabin matakala, sanyinta har cikin ƙashi. Yaya ba ta rage komai ba. Tari ya kama ta, ta ce ba komai. Zazzaɓi ya biyo baya, ta ce iska ce. Wata safiya a komawa ta uku ƙafafunta suka ƙi ta, ta zube a kan matakala, tulun ya gangara ruwa, masu kwale-kwale suka tsamo shi. Aka ɗauke ta zuwa asibiti, aka ce sanyi ya shiga huhunta.

Narahari ya taho a ranar. Kada wani ya ce mugun ɗa ne, don ba shi ba ne. Ni na ga yadda ya yi ta fama da ubansa kwanakin da take asibiti, yana ba shi abinci a baki, uban na ture shi yana tambayar wane ne wannan, yana komawa ƙofa yana miƙa hannu ga hanyar da ba kowa. Da aka sallamo ta ya zauna a gabanta, ni ina gefe. Ya ce ya sami wani gidan kula da tsofaffi a Bengaluru, mai tsabta, da masu jinya, kusa da gidansa. In Baba yana can, ita ta yi wankanta yadda take so ba mai taɓa ta. In kuwa tana so Baba ya zauna, to wanka ɗaya za ta riƙa yi, a taɓa ta ko kada a taɓa ta.

Ya ce, "Inna, ki zaɓa. Ba zan ɗora ku biyu a kan itacen ƙona gawa a damina ɗaya ba."

Ya ce zai dawo da mota in ruwa ya ɗauke, kafin nan ya sa wata mai jinya ta riƙa zuwa, kuma likita ya hana ta kogi.

Da ta warke ta koma kogi, aka koma gidan jiya: a cafke ta, ta juye ruwa, ta koma. Sai wata rana na leƙa ta katanga na ga tana ninke wa mijin kaya a jaka, har da tsohon mayafinsa mai ƙanshin gahawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata yanzu mutumin da ya yi shekara hamsin yana manna bayansa da bango saboda ke, shi za ki sa a mota saboda ruwan kogi? Ba ta ɗago ba. Ta ce wataƙila can ya fi masa, za a ba shi abinci a kan lokaci, ba zai riƙa jiran wata mai taurin kai da yunwa ba. Ta faɗa ne kamar mai karanta abin da wani ya rubuta mata. Kwana biyu ban yi mata magana ba, amma ban fasa raka ta ba, don ba zan bar ta ta sake faɗuwa ita kaɗai ba.

Ruwa ya ɗauke, Narahari ya iso da yamma, aka ce da safe za su kama hanya. Da asuba muka sauka kogi. Tunga ta fara washewa, hazo na tashi a kanta. Yaya ta daɗe a ruwa fiye da kullum, ta nutsa ta fito, ta tsaya har ƙugu tana kallon gabas, bakinta ba ya motsi. A hanya ta ce mini, ba tare da ta waiwayo ba, yau tana so ta shige da wuri ta dafa musu shinkafa da miyar wake irin wadda suke so, su ci mai zafi kafin su hau mota. Ta riga ta gaya wa Narahari ya riƙe uban nasa in ya hango ta.

Muka shawo kwana. Ga mota a ƙofa, ga jaka a kan dakali, ga Sheshagiri tsaye da zanen barci, hannuwa a miƙe. Narahari na bayansa, ya kai hannu zai kama kafaɗarsa.

Bai kai ga kamawa ba. Tsohon ya dubi matar da ke tahowa, ya dubi tulun, ya dubi layin ruwan da ke bayanta a ƙasa. Na ga fuskarsa ta sauya, kamar mai barcin da aka kira sunansa. A hankali ya sauke hannuwan nan, ya mayar da su baya ya ɓoye. Ya ja da baya ya manna jikinsa da bango, har da ƙoƙarin janye tumbin da ciwo ya riga ya cinye. Muryar ta dishe, amma duk mun ji:

"Jama'a, ku ba kogi hanya."

Ga ƙofa a buɗe, ba mai taɓa ta. Abin da ta yi shekara tana nema ke nan. Ta taka ta zo daidai gabansa, ta ɗaga ƙafa za ta shige, sai ta tsaya. Ruwa na ɗiga daga gefen zanenta kan dutsen ƙofa.

Sai ta juyo, ta zura hannun damanta bayansa, tsakaninsa da bango, ta lalubo hannunsa ta jawo shi waje ta riƙe.

Ya dubi hannuwan nasu a firgice ya ce, "Ke Sharada, ban yi wanka ba fa. Za ki koma kogi."

Ta ce, "Na sani. Ku zo mu shiga."

Ba ta juye ruwan ba. Da tulun a ƙugu da mijin a hannu ta shiga. Na bi su har tsakar gida, ban ma san na bi ba. Ta kai shi ƙofar ɗakin bauta, ta mayar da hannunsa hagunta, ta kunna fitila da dama. Ta zaunar da shi a bakin madafa, inda tun da aka gina gidan ba wanda ya taɓa zama bai yi wanka ba, ta ɗora tukunya yana riƙe da gefen zanenta. Narahari na tsaye a tsakar gida yana goge ido da bayan hannu. Ba ta waiwayo ba ta ce masa ya kwance jakar nan ya mayar da kayan inda suke, wanka ɗaya za ta riƙa yi. Motar ita kaɗai ta koma da mai ita.

Kada ku ce ya warke. Kafin azahar ya sake mantawa, kuma bai ƙara kiran sunanta ba har ya bar duniya. Washegari yana ƙofa da hannuwa a miƙe kamar kullum. Sai dai ita tun daga nesa take sauya wa tulun ƙugu, ta miƙa masa nata hannun kafin ya cafka. Fitila ta koma kamawa kafin kukan hankaki, shinkafa ta koma sauka da wuri, har ya ɗan yi kumari. Amma fa shi kaɗai ke taɓa ta. Ni ranar da na ce bari in gwada sa'ata na cire mata ganye a gashi, harara ta aiko mini, ta juye ruwa ta koma kogi, ni kuma na bi ta ina tsine wa hannuna.

Na taɓa tsokanarta na ce to yanzu Ubangiji na cin shinkafar kuwa? Ta ce ita ba ta sani ba. Ta ce kullum in ta ajiye sai ta gaya Masa gaskiya, ta ce hannun nan an riƙe shi, in Kana ƙyama Ka bari. Ta ce har yau dai bai aiko mata da saƙo ba.

Sheshagiri ya ƙara damina biyu, ya tafi cikin barcinsa wata rana da hantsi, hannunsa a cikin nata. Da kwanakin zaman makoki suka cika muka koma kogi tare, goshinta babu jan ɗigon matan aure. Ta nutsa ta fito, ta cika tulu, muka hawo. Yara suka dare, mai madara ya kauce. Da muka shawo kwana na ga ta sauya wa tulun ƙugu, hannun damanta ya ɗan ɗago. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi bangon nan inda bayansa ya goge farar ƙasar har ta yi santsi.

Ta ce, "Yanzu kam na tsarkaka, Rukku. Ba mai taɓa ni."

Ta sauke hannun, ta shiga ta kunna fitila.